Haƙoran Bamalli Mai Tsire

"Baba, gaskiya zan faɗa maka," in ji Dakta Adeola tana zare safar hannu. "A yadda kake yau, ba zan dasa maka haƙori ba."

Malam Bamalli mai tsire yana kishingiɗe a kujerar asibitin haƙori, fitila na haska masa fuska. Ya ɗago kai ya dubi likitar, sannan ya juya ya harari Cletus, maƙwabcinsa da ya tuƙo shi tun daga Suleja zuwa Abuja da safiyar nan, kamar shi ne ya faɗi maganar. Cletus ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Shekara ashirin da shida ke nan katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a unguwar Bagama, ya san abin da ke biyo bayan wannan hararar.

"Don na tsufa ko?" Bamalli ya tambaya. "Sittin da bakwai ce fa kawai."

"Ba ruwan shekaru. Na yi wa 'yar shekara tamanin, tana nan tana cin gyaɗarta." A Zariya aka haifi likitar, Hausarta ba gargada. Ta juyo da hoton ƙashin bakinsa ta nuna masa da biro. "Ƙusa ce ta ƙarfe muke kafawa a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira ƙashin ya kama ta, sannan a ɗora haƙori a kai. Ƙashinka ya ɗan zaizaye inda haƙoran suka daɗe da fita, amma akwai wurin kafawa. Wannan ka ci. Sauran ukun ne ka faɗi."

"Waɗanne?"

"Sugarka ta yi sama sosai, in na yanka ka ciwon ba zai warke da wuri ba. Dasashinka yana jini, akwai ruɓa a ƙarƙashinsa. Sannan taba. Kara nawa kake sha a rana?"

"Biyu. Uku in rai ya ɓaci."

Cletus ya yi gyaran murya.

"Kwali ɗaya," in ji Bamalli, bai ko kalle shi ba.

"To ka gani. Taba tana hana jini isa wurin. In na kafa maka a haka, ƙusar za ta yi girgiɗi ta fita, ka sha wahala a banza. Mardiyya ta ce ita za ta ɗauki nauyin komai, Allah ya yi mata albarka, amma wannan ba aikin 'yarka ba ne, aikinka ne. Ka daina taba gaba ɗaya. Ka koma wurin likitan suga, ka bi abin da ya ce. Mu kuma mu wanke dasashin, mu cire haƙora biyun da suka mutu. In ka dawo na ga jikinka ya shirya, da hannuna zan yi maka."

Bamalli ya sauko daga kujerar, ya gyara hularsa. "Wato ni ne ban cancanta ba."

"Tukuna dai, Baba."

Suka kamo hanyar gida a motar har suka wuce Zuba. Cletus ya san abin da ke cin ran mutumin, kuma ba kwalliya ba ce. Shekara arba'in Bamalli yana gasa nama a bakin titi kusa da tasha. Direbobin Tafa suna karkato da mota don tsirensa, ma'aikatan Abuja suna tsayawa su saya wa iyali kafin su shiga gida. Shi da kansa yake zuwa kasuwar Sabon Wuse ya zaɓo dabba, kuma duk kashin farko da ya sauka daga wuta sai ya tauna yanka ɗaya kafin a miƙa wa kowa. Da haƙoransa suka fara zuba, na ƙasa ta baya tukuna, sannan na gaba, aka yi masa na roba. Ran da ya gwada su a kan nama suka zame suka faɗo a gaban masu saye. Tun daga nan ya jefa su a akwati, ya bar wa babban ɗansa Fakhruddeen bakin wuta, shi kuma ya koma kan benci yana kallo. Shekara uku mai tsire yana rayuwa da kunu da faten dankali, in zai yi dariya sai ya kare baki da hannu.

A cunkoson Madalla ya ce, "Tsaya gefe."

Cletus ya tsaya. Bamalli ya fita, ya jingina da motar, ya kunna sigari, ya sha ta har wuta ta kusa taɓa masa yatsa, yana kallon Dutsen Zuma. Sannan ya ajiye sauran kwalin a kan wani dakali ya dawo ya zauna.

"Yarinyar nan sa'ar Mardiyya ce," ya ce. "Ta kalle ni ta ce na faɗi uku. Ni ban taɓa faɗuwa a komai ba sai lissafin firamare. Mu je."

Washegari da hantsi ya buga ƙofar Cletus. Likitan suga ya ce ya riƙa tafiyar ƙasa kullum, shi kuwa ba zai yi ta yawo shi kaɗai kamar wanda ya ɓatar da akuya ba.

"Haba, Oga Bamalli, ni fa ina da shago," in ji Cletus, wanda yake sayar da wayoyin lantarki da ƙwan fitila a babbar kasuwa.

"Kana kuma da tumbi. Sa takalmi."

Chioma, matar Cletus, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta miƙo masa takalmin da kanta.

Satin farko unguwa ta ji a jikinta. Bamalli ya yi faɗa da mai ruwa, ya yi faɗa da mai gyaran rediyo. Ta kan katanga Cletus yana jin muryarsa yana cewa da matarsa, "Mairama, wannan koko ne ko ruwan wanke ƙwarya?" ita kuma tana amsawa cikin sanyinta, "Kai ka ce kada a sa suga, Malam. In ka fasa ka gaya mini, in gaya wa likita." Sai a ji ƙarar ludayi. Ta koyi tuwon acha wurin wata maƙwabciya, ta cika masa kwano da zogale da wake, ta ɓoye gwangwanin madara a ɗakin Chioma.

Cikin wata na biyu, wata Asabar da rana, Cletus ya biya ta rumfar nama. Bai ga Bamalli a benci ba. Ya zagaya baya, inda ake tara itace, ya same shi tsugune da sigari a baki, ashana a hannu, bai kai ga ƙyastawa ba.

"Oga Bamalli. Wetin be dis? Mene ne haka?"

"Tafi abinka, Cletus."

"Ba inda za ni. Kwana arba'in da ɗaya ina bin ka kamar jela, ƙafata duk ta kumbura. In ka kunna wannan, wallahi Litinin ni zan kai ka wurin Dakta, ka faɗa mata da bakinka."

"Kai ma wallahi kake cewa yanzu?"

"A wurinka na koya."

Bamalli ya daɗe a tsugune. Sannan ya cire sigarin, ya murtsuke ta a tafin hannu, ya watsar. Da ya miƙe idonsa ya yi ja.

"Tun ina ɗan shekara sha tara nake shan ta," ya ce a hankali. "Ko da mahaifiyata ta rasu, ita na fara nema. Ba ka san yadda abin yake ba."

"Ban sani ba," Cletus ya amsa. "Amma na san kai."

Bayan wata uku suka koma Abuja. An yi masa gwajin jinin nan da ke tona asirin sugar wata uku, wanda ba a yi masa wayo da azumin kwana ɗaya. Dakta Adeola ta duba takardar, ta duba bakinsa, ta ce dasashi ya yi kyau, suga ta sauko, amma da saura. Cletus ya zaci za a yi rigima. Bamalli dai ya ce, "Saura nawa?" Ta nuna masa lambar da take so. Ya sa ta rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe, ya ninke ya sa a aljihu.

Sai a wata na bakwai ta ajiye biro ta yi murmushi.

"Baba, ka cancanta. Ina ma duk masu zuwa nan irinka ne."

Bamalli ya juya. "Cletus, ka ji ko? Maimaita masa, Dakta, kunnensa ba kyau."

Ƙusoshi aka kafa masa sama da ƙasa, aka ce ya jira ƙashi ya kama. Ya jira wata huɗu, yana wanke baki safe da yamma kamar mai shirin jarrabawa, yana nuna wa duk wanda ya tsaya gaishe shi yadda ake riƙe buroshi. Wani tsohon direba ya ce shi ma zai je a yi masa. Bamalli ya ce, "Buɗe bakin in gani." Ya leƙa, ya girgiza kai. "Kai ko ƙofa ba za su bar ka ka shiga ba. Fara da yar da tabar." Ƙarshen watan Yuli, damina ta yi nisa, aka ɗora masa haƙoran.

Ran da likita ta ba shi izinin cin abu mai tauri, bayan la'asar ya sa farar riga ya nufi rumfa, Cletus na biye. Labari ya riga su isa. Masu shayi, masu faci, direbobi, har da Chioma da ta rufe shagonta na kayan miya, duk sun taru. Fakhruddeen, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya sauke kashin farko, ya zaɓi tsinke mafi kyau, ya barbaɗa yaji ya miƙa wa mahaifinsa da hannu biyu.

Bamalli ya yi bisimilla, ya kafa haƙori ya zare yanka ɗaya. Ya tauna. Ya lumshe ido ya ci gaba da taunawa, wurin ya yi tsit sai ƙarar kitse a wuta. Cletus ya ga maƙogwaronsa ya motsa, ya ga wani abu ya taru a gefen idonsa, ya ɗauka godiya za ta biyo baya.

"Fakhruddeen."

"Na'am, Baba."

"Wa ya koya maka yanka nama a kan jijiya? Shekara uku ke nan abin da kuke ba mutane da sunana?"

Wurin ya ɓarke da dariya. Fakhruddeen ma dariyar yake yi yana share ido da bayan hannu. Bamalli ya naɗe hannun farar rigar, ya karɓi wuƙa, ya ce a matsa masa. Ya yanka, ya tsire, ya shafa ƙuli, ya jera a bakin wuta da kansa. Da ya sauke ya tauna na farko, ya gyaɗa kai, sannan ya miƙa wa Cletus na biyu.

"Ci, ka ji yadda tsire yake."

Yana dariya ya faɗa, baki buɗe, hannayensa duka biyu suna kan aiki.

Kwana ashirin da uku ya yi a bakin wutar. Masu saye da suka daɗe da ɗauke ƙafa suka dawo. Ya sha rake a ƙofar gida don dai a gani, ko da yake gaɓa ɗaya ya yarda ya sha saboda suga. Ya sa Mardiyya ta ɗauke shi hoto ta aika wa likita.

Ranar Talata da safe suka yi tafiyarsu kamar kullum. A hanyar dawowa Bamalli ya tsaya sau biyu, abin da bai saba ba. Da suka iso ya zauna a dakalin ƙofar gidansa, ya dafe ƙirji, zufa na karyo masa ko da yake garin da sanyin ruwan jiya.

"Kamar an ɗora mini turmi a nan," ya ce.

Cletus bai tsaya tambaya ba. Ya ƙwala wa Mairama kira, ya fito da mota. Fakhruddeen ya iso a guje daga mahauta, suka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar ɗansa, Mairama a gaba tana waiwaye, bakinta bai daina addu'a ba. Cletus ya danna oda ya ratsa tsakanin 'yan acaɓa da masu keke, yana zagin ramuka da harshen Ibo.

"Cletus," in ji muryar daga baya, ƙasa-ƙasa. "Rage gudu. Kada ka kwashe ɗan mutane saboda ni."

"Mun kusa, Oga. Riƙe dai."

"Na riƙe."

Daga nan sai ya ji Fakhruddeen yana karanta kalmar shahada a hankali, yana maimaitawa, wata murya tana bin sa, sau ɗaya, sau biyu. A na uku muryar Fakhruddeen kaɗai ya ji. Da suka shiga harabar asibiti ma'aikata suka fito da gado, likita ya duba, ya ce zuciya ce, kuma rai ya riga ya yi halinsa. Cletus ya zauna a motar, hannu a kan sitiyari, ya kasa kashe inji sai da mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa masa gilashi.

Kafin azahar layin ya cika. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi. Mahautan Suleja sun zo, na Sabon Wuse sun zo a mota guda, direbobin Tafa sun jera motocinsu har bakin kwalbati. Chioma ta ɗaura ɗankwali ta shige wurin mata. Cletus ya tsaya a jikin katangarsa, bai san inda zai sa kansa ba.

Ana cikin wankan gawa Fakhruddeen ya fito ya durƙusa gaban liman, ya yi magana a hankali, amma Cletus yana kusa ya ji.

"Malam, wani kawunmu ya ce wai sai an cire haƙoran."

"Irin na cirewa a mayar ne?"

"A'a, a ƙashi suke."

"To ku bar masa abinsa. Ba a wahalar da mamaci."

Fakhruddeen ya miƙe zai koma, ya haɗa ido da Cletus. Ya gyaɗa masa kai.

Wani dillalin filaye da ke zaune a bakin tabarma ya karkata ga na kusa da shi. "Allah ya jiƙan Bamalli. Amma ka ga wahalar banza. Kusan shekara yana azabtar da kansa, ga abin da aka kashe, kwana ashirin kawai ya mora. Da ya sani ai da ya sha tabarsa cikin kwanciyar hankali."

Cletus bai san sa'ad da ya matso ba.

"Ashirin da uku," ya ce. Muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi, kawuna suka juyo. "Kwana ashirin da uku. Ni na kai shi ran da likita ta ce bai isa ba, ni na kai shi ran da ta ce ya isa. Taba ta shekara arba'in da takwas ya ajiye. Kai me ka taɓa ajiyewa? Mutumin nan a bakin wutarsa ya ƙare, da wuƙarsa a hannu, ba a kan benci ba. Ba wanda zai ce banza a gabana."

Dillalin ya buɗe baki, wani dattijon mahauci ya ɗaga masa hannu. "Ya isa. Maƙwabcinsa ya fi mu saninsa."

Bayan la'asar aka yi masa salla. Cletus ya tsaya can baya, hularsa a hannu, sahu bayan sahu har suka toshe titi. Ya bi su maƙabarta, ya tsaya daga bakin ƙofa har aka gama, sannan ya kwaso tsofaffi huɗu da ƙafa ta gaza a motarsa ya dawo da su.

A ƙofar gida Chioma ta tare shi, idonta a kumbure. Ta ce Mairama ta aiko ta da saƙo.

"Ta ce in gaya maka, tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa yin wata guda ba ta ji tarinsa ba sai bana. Ta ce shekarar nan ita ce ta fi kowacce. Ta ce ta gode."

Cletus ya gyaɗa kai. Ya zaro waya ya nemo lambar Dakta Adeola, ya tsaya yana kallon ta, sannan ya kira. Ya sanar da ita rasuwar.

"Allah ya jiƙan Baba," ta ce. "Ka san ina ba masu zuwa wurina labarinsa? Duk wanda ya ce mini ba zai iya ba, sai in ce akwai wani mai tsire a Suleja."

"Ki ci gaba da ba su," in ji Cletus.

Hadari ya haɗo daga gabas, yayyafi ya fara sauka a kan rumfar. Masu zaman makoki suka ja tabarmi ciki, suka matsu da juna. Dattijon mahaucin nan ya ɗago ya ga Cletus tsaye a fili, ruwa na jiƙa masa kafaɗa. Ya tattara babbar rigarsa, ya matsa gefe, ya daddaɓa tabarmar da tafin hannu. Cletus ya cire takalminsa da jar ƙasa ta manne wa, ya ajiye a cikin jerin takalman, ya shiga ya zauna. Daga gefen rumfar ruwa yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya cikin wata buta da aka bari a buɗe.